Yadda Ake Karanta Jadawalan Tsarin Mulkin Najeriya Domin Gane Wanda Alhaki Ya Rataya a Wuyansa

Damina biyu da suka wuce, magudanar ruwan da ta ratsa bayan unguwarmu a Gusau ta toshe, ruwa ya shiga gidaje, sai dattawan unguwa suka ɗora mini rubuta takardar koke. Na rubuta, masu gidaje suka sa hannu, muka kai ta wani ofishi da muke kyautata zaton shi ne mai alhakin gyaran. Wata uku muka yi muna zarya kafin wani ma'aikaci mai tausayi ya ja mu gefe ya ce mana aikin ba ya cikin huruminsu tun asali. Da na koma gida na buɗe kundin tsarin mulki, sai na tarar da amsar a shafukan can baya, inda aka ambaci magudanan ruwa ƙarara a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Waɗannan shafukan su ne jadawalai, kuma mafi yawan masu karanta kundin ba su kaiwa gare su, alhali kuwa a can ne aka rarraba wa kowane matakin gwamnati nasa kayan.

Kundin da ake aiki da shi a yau ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999, lokacin da Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga farar hula. Yana da babi 8 da sashe 320, sannan jadawali 7 suka biyo baya. Kada mai karatu ya ɗauke su a matsayin ƙarin bayani da aka liƙa wa littafi: ƙarfinsu a gaban kotu daidai yake da na kowane sashe, kuma ba a canja ko da sunan ƙaramar hukuma ɗaya a cikinsu sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki da sashe na 9 ya shimfiɗa, wato amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, tare da goyon bayan aƙalla majalisun dokokin jihohi 24 daga cikin 36.

Mataki na farko: ka tabbatar da kwafin da ke hannunka

An yi wa kundin gyare-gyare a zamanin Goodluck Jonathan, aka ƙara wasu a 2018, sannan a watan Maris na 2023 Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wani rukunin gyara da ya taɓa jadawalan kai tsaye. Kwafi da yawa da ake sayarwa a shagunan littattafai, da waɗanda ke yawo a intanet, tsofaffi ne. Akwai gwaji mai sauƙi. Ka buɗe jadawali na ɗaya ka duba jerin ƙananan hukumomin jihar Kano: idan ka ga Kunchi, kwafinka ya girmi gyaran 2023, domin a wannan gyaran ne aka mayar da sunan Ghari. Haka kuma idan ka ga gidajen yari da layin dogo a cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kwafin ya kwana biyu, ka nemi wani kafin ka kafa hujja da shi.

Mataki na biyu: ka haɗa kowane jadawali da sashensa

Jadawali jeri ne kawai, ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Sashen da ke cikin kundin shi ne yake faɗin abin da za a yi da jerin, shi ya sa a saman kowane jadawali ake rubuta lambar sashen da ya haife shi. Na ɗaya yana rataye da sashe na 3, na biyu da sashe na 4, na uku da sassa na 153 da 197, na huɗu da sashe na 7, na shida da sashe na 285. Na biyar ya jingina da sassa da dama, daga ciki har da 172 da 209, na bakwai kuwa da sassan da suka wajabta rantsuwa, irin su 140 da 185. Ka sa yatsa ɗaya a kan sashen, ɗaya a kan jadawalin, ka fara karanta sashen. Wanda ya tsallake wannan matakin zai iya haddace jerin gaba ɗaya amma ya kasa gane abin da ke faruwa idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, domin wannan hukuncin ba a jadawalin yake ba, yana cikin ƙaramin sashe na 5 na sashe na 4.

Mataki na uku: ka taƙaita matsalarka, ka kai ta jadawali na biyu

Kafin ka fara nema, ka rubuta matsalar da ta dame ka a jimla ɗaya, ka fitar da kalmar da ke tsakiyarta: zinariya, bindiga, hanya, makaranta, lantarki, aure. Da wannan kalmar za ka shiga jadawali na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin tarayya, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa.

Kashi na farko shi ne jerin abubuwan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke da ikon yi wa doka. An tsara su da lambobi har 68, bisa jerin haruffan Turanci. Idan kalmarka tana nan, to majalisar jiha mai mambobi 24 da ke Gusau ba ta da ta cewa, komai kyawun niyyarta. Babu jihar da wannan jerin ya fi taɓawa kamar Zamfara. Lamba ta 39 ta ƙunshi ma'adinai da haƙarsu, kuma ƙaramin sashe na 3 na sashe na 44 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka zinariyar Anka da Maru da Bukkuyum, lasisin haƙarta daga Abuja yake fitowa, ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, kuma tarayya ce ta dakatar da haƙar a jihar a watan Afrilun 2019, ita ce kuma ta ɗage dakatarwar a watan Disambar 2024. Amma fa gonar da ke saman ramin, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa amanarta a hannun gwamna. Wato manomin da aka zo haƙa a gonarsa yana tsakanin hukumomi biyu, kuma dole ne ya bambance kokensa: batun wanda ya ba da izinin haƙa na tarayya ne, batun takardar mallakar fili na jiha ne ko na ƙaramar hukuma. A ganina wannan rabon bai yi wa mutanen ƙauye adalci ba, domin lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega daga 2010, waɗanda suka kwana da gawarwakin ba su ne masu ikon tsara yadda ake haƙar ba. Sai dai wanda ke son a canja wannan, ya sani cewa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ita ce ta sanatocin jihar uku da wakilanta bakwai a majalisar tarayya.

Haka batun tsaro yake. Lamba ta 2 ta ƙunshi makamai da harsasai da abubuwan fashewa, lamba ta 17 tsaron ƙasa, lamba ta 45 kuwa ƴan sanda da sauran hukumomin tsaron gwamnati. Idan ka haɗa da sashe na 214, wanda ya hana kafa wata rundunar ƴan sanda ban da ta ƙasa, za ka fahimci dalilin da ya sa Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024 ba ƴan sanda ba ne a idon doka, da dalilin da ya sa gwamna ba shi da ikon ba da lasisin riƙe bindiga bisa dokar jiharsa. Sashe na 215 ya ba gwamna damar bai wa kwamishinan ƴan sanda umarni, amma ya bar wa kwamishinan ƙofar neman a miƙa maganar ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Duk muhawarar da ake yi a kan ƴan sandan jihohi, a ƙarshe magana ce ta gyara waɗannan sassan da wannan lambar.

Akwai wasu lambobin da ke da amfani a rayuwar yau da kullum. Ta 11 ita ce gina manyan hanyoyin tarayya da gyara su, kuma a nan ne hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe da Gusau da Talata Mafara zuwa Sakkwato ta faɗo. Ta 34 ita ce ƙwadago, har da ƙayyade mafi ƙarancin albashi, shi ya sa naira 70,000 da aka amince da ita a Yulin 2024 ta zo da dokar tarayya. Ta 64 ta shafi ruwan da majalisar ƙasa ta ayyana cewa ya shafi fiye da jiha ɗaya, kuma madatsar Bakolori a hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima take, wadda ta tarayya ce.

Ka kula ƙwarai da kalmomin togiya, domin wani lokaci abin da aka cire ya fi abin da aka ambata muhimmanci a wurinmu. Lamba ta 61 ta bai wa tarayya ikon ɗaura aure da raba shi, amma ta ce ban da auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci ko bisa al'ada. Lamba ta 29 ta ba ta kamun kifi, amma ban da na koguna da tafkuna da sauran ruwayen cikin ƙasa, don haka masuntan Argungu da na Yawuri a maƙwabciyarmu Kebbi ba wannan lambar ce ke tafiyar da sana'arsu ba, ko da yake zirga-zirgar jiragen ruwa a kan kogin Neja tana cikin lamba ta 36. Wanda ya karanta rabin layi ya rufe littafi zai fita da akasin abin da aka rubuta.

Idan ba ka sami kalmarka a kashi na farko ba, ka wuce kashi na biyu, jerin haɗaka, inda tarayya da jiha duk suke da hannu. A nan ake samun karɓar haraji, da lantarki, da raya masana'antu da noma, da ƙididdiga, da ilimin jami'a da na gaba da firamare. Wannan kashin ba jerin kalmomi ba ne kamar na farko, sakin layi ne da ke fayyace iyakar kowane ɓangare, don haka yana buƙatar natsuwa. Gyaran 2023 ya dawo da layin dogo da gidajen gyaran hali nan, ya kuma buɗe wa jihohi ƙofar samar da lantarki da rarraba shi har a yankunan da babban layin wuta na ƙasa ya kai. Ma'anar wannan ita ce, a ƙasar da jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda tun 1929, yanzu majalisar jiha za ta iya yin dokar layin dogo a cikin iyakarta. Sharaɗin dai shi ne na sashe na 4: inda dokar jiha ta saɓa wa ingantacciyar dokar tarayya, ta tarayya ce ke rinjaye, ta jihar kuma ta faɗi gwargwadon saɓanin.

Idan kuwa kalmar ba ta nan ba ta can, to ba a manta da ita ba ne. Ƙaramin sashe na 7 na sashe na 4 ya bar wa majalisar jiha duk abin da ba a keɓe wa tarayya ba. Masarautu da naɗin sarakuna da hakimai suna cikin wannan ragowar, haka ma yawancin dokokin laifuffuka, kuma wannan na daga cikin hujjojin da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta dogara da su lokacin da dokokin shari'a suka fara aiki a jihar a Janairun 2000.

Mataki na huɗu: ka duba ko aikin na ƙaramar hukuma ne

Jadawali na huɗu bai wuce shafi ɗaya da ɗan abin da ya ɗora ba, amma shi ne mafi kusa da ƙofar gidan talaka. Sakin layi na farko ya lissafa ayyukan da ke kan majalisar ƙaramar hukuma ita kanta: kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kwata da kula da su, gina tituna da fitilunsu da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale, sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, da yin rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sakin layi na biyu ya bambanta, domin cewa ya yi ƙaramar hukuma tana shiga ne tare da gwamnatin jiha a harkar ilimin firamare da yaƙi da jahilci da koyon sana'a, da raya noma, da kiwon lafiya. Idan rufin ajin firamare ya yaye a ƙauyenku, ko asibitin sha-ka-tafi ya rasa magani, alhakin na mutum biyu ne, kuma hikima ita ce a rubuta wa duka biyun a rana ɗaya, kowa ya san an aika wa ɗan'uwansa kwafi.

Rajistar haihuwa misali ce ta inda jadawalai ke hawa kan juna. Na huɗu ya ba ƙaramar hukuma, lamba ta 8 a na biyu ta ba tarayya, na uku kuma ya ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kafa tsarin rajistar a duk faɗin ƙasa. A aikace takardar hukumar ƙidaya ce ake nema a yawancin wurare, don haka uba ya nemi ita ga jaririnsa. Wani abin lura kuma shi ne, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya kuma haramta gudanar da su ta hannun kantomomi, jama'a sun ƙara samun ƙafar tsayawa wajen tambayar shugaban ƙaramar hukuma abin da ya yi da wannan jerin.

Mataki na biyar: idan kokenka a kan hukuma ne ko a kan jami'i

Jadawali na uku ya fayyace yadda aka haɗa hukumomin tarayya 14 da ikon kowace, daga Hukumar Zaɓe ta Ƙasa da Majalisar Harkokin Shari'a zuwa hukumar rabon kuɗin shiga, sannan hukumomin jiha uku: ta ma'aikata, ta zaɓe, da ta ma'aikatan shari'a. Daga nan za ka gane cewa zaɓen kansila da na shugaban ƙaramar hukuma aikin hukumar zaɓen jiha ne, kuma koke a kan halin majistare hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ake kai wa, wadda Babban Jojin jiha ke shugabanta.

Jadawali na biyar shi ne ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kuma shawarata ita ce ka fara da kashi na biyu, inda aka lissafa waɗanda ƙa'idojin suka hau kansu, domin mutane da yawa suna zaton na manya ne kaɗai. Jerin ya taso daga shugaban ƙasa ya sauko har kan kansila da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ma'aikatan manyan makarantun gwamnati. An hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, sai dai noma. An hana shi karɓar kyauta saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi, ban da irin kyautar da al'ada ta sani daga dangi da aminai, kuma abin da aka ba shi a taron hukuma na ofishinsa ne. Sakin layi na 11 ya wajabta masa bayyana kadarorinsa da na ƴaƴansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba, da zarar ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin kujera. Ana kai zargi ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ita kuma ta miƙa wa Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda za ta iya sauke mutum daga muƙami, ta hana shi riƙe wani har tsawon da bai wuce shekara 10 ba, ta kuma ƙwace dukiyar da ya tara ta hanyar cin amanar ofis. Wannan kotun ce ta sami Walter Onnoghen, Alƙalin Alƙalan ƙasa na wancan lokaci, da laifi a Afrilun 2019 a kan batun bayyana kadarori.

Sauran jadawalai uku

Na ɗaya yana da muhimmanci ga masu fafutukar neman sabuwar ƙaramar hukuma. Ya lissafa ƙananan hukumomi 768 da majalisun yankin Abuja 6, jimilla 774, kuma Zamfara, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana da 14 a ciki. Sashe na 8 ya ce bayan buƙatar wakilan yankin, da ƙuri'ar raba gardama, da amincewar majalisar jiha, sai majalisar ƙasa ta shigar da sabon sunan cikin jadawalin. Jihar Legas ta ƙirƙiri sababbi 37, amma a Disambar 2004 Kotun Ƙoli ta ce ba su cika ba har sai an yi wannan shigarwar, ko da yake ta kuma ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar.

Na shida ya tsara kotunan sauraren ƙararrakin zaɓe, masu shugaba da mambobi biyu, waɗanda shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ke naɗawa. Wa'adin yana sashe na 285: kwana 21 na shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, kwana 180 na yanke hukunci. Ba kowace rigimar zaɓe ce ke zuwa can ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 24 ga Mayu, 2019, da ya soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara ya taso ne daga rikicin zaɓen fid da gwani, ya kuma bi ta kotunan yau da kullum. Na bakwai kuwa lafazin rantsuwoyi ne, kuma a cikin rantsuwar gwamna akwai alkawarin bin ƙa'idojin da ke jadawali na biyar.

Mataki na ƙarshe: rubuta takardar

Idan ka gano mai alhakin, ka rubuta masa da sunan muƙaminsa, ka faɗi matsalar da wurin da ranar da ta fara a sakin layi ɗaya, sannan ka kawo lambar sashe da jadawali da sakin layin da suka ɗora masa aikin, kamar ka ce sashe na 7 tare da sakin layi na 1 na jadawali na huɗu. Ka bayyana abin da kuke so a yi ba tare da zagi ko zargin da ba ku da shaida a kansa ba, ka haɗa da hoto idan akwai, mai unguwa da wasu magidanta su sa hannu. Ka yi kwafi biyu, ka tsaya har a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Idan batun ya shafi fili da ake taƙaddama a kai, ko zaɓe mai wa'adi, ko zargin wani jami'i da sunansa, ka nuna wa lauya takardar kafin ka miƙa ta, domin akwai dokokin majalisa da hukunce-hukuncen kotu da suka fassara waɗannan layukan, kuma kwana 21 na ƙarar zaɓe ba a ƙara wa kowa ko da yini ɗaya.